Me Ya Sa Lissafin Archie Yake Ruɗa Mutum a Dutsen Farar Ƙasa?

Wani ɗalibi ɗan Ƙofar Sauri a nan Katsina, mai rubuta aikinsa na kammala digiri a fannin ilimin duwatsu, ya aiko da tambaya kamar haka: "Salamu alaikum Malam. An ba ni awon wata rijiyar mai da aka haƙa a dutsen farar ƙasa. Na sa lissafin Archie yadda aka koya mana, m biyu, n biyu, ya ba ni mai kashi 75 cikin ɗari. Amma rahoton gwajin rijiyar ya nuna ruwa ta fi fitarwa. Ni na kuskure lissafi, ko lissafin ne ba ya aiki a irin wannan dutse?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Da wuya a ce hannunka ne ya kuskure. Abin zargin shi ne waɗannan biyu da biyun da ka zuba, domin ba a dutsenka aka auno su ba.

Na'urar da ake zurawa cikin rijiya ba ta ganin mai. Abin da take aunawa shi ne turjiyar da dutse yake yi wa lantarki. Ƙwayar dutsen ba ta wucewa da lantarki, ɗanyen mai ma haka, ruwan gishirin da ke cikin ramukan dutsen ne kaɗai yake ɗauke da shi. Tun 1927, lokacin da kamfanin 'yan'uwan nan Schlumberger ya yi awon farko a Pechelbronn ta Faransa, an san cewa turjiya mai yawa alamar mai ce. Amma sai a 1942 Gus Archie, injiniyan kamfanin Shell, ya mayar da alamar ta zama lissafi: Sw^n = (a × Rw) / (φ^m × Rt). Sw kason ruwa ne a cikin ramuka, abin da ya rage ya cika ɗari shi ne mai. Rw turjiyar ruwan gishirin, Rt turjiyar dutsen gaba ɗaya, φ kason ramuka, a kuma lambar gyara ce kawai. Harafin m yana faɗa maka yadda hanyoyin da ke tsakanin ramuka suke da kwana-kwana. Harafin n yana faɗa maka saurin tsinkewar hanyar ruwa yayin da mai yake ture shi.

Mafi yawan samfuran da aka gina wannan lissafi a kansu duwatsun yashi ne masu tsabta na yankin gaɓar Tekun Meziko, waɗanda ruwa yake lulluɓe kowace ƙwayarsu. A irinsu m da n suna zagaye da biyu. Mu kuma a Najeriya man da muka saba da shi tun Oloibiri a 1956 yana cikin yashin Agbada na Neja Delta, na maƙwabtanmu da ke Agadem wanda ake tacewa a Damagaram shi ma a yashi yake. Shi ya sa malamai suka saba da biyu da biyu, kuma damuwarsu ta fi karkata ga laka da ke gauraye da yashi. Ƙasarmu ta Katsina kuwa mafi yawanta a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, ba ka da inda za ka ɗauki farar ƙasar ka juya ta a hannu. In ka samu hali ka je Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake fasa ta don siminti. Ka ɗauki gutsure, ka ɗiga masa ruwan asid mai rauni ka ga yadda yake kumfa, sannan ka duba ɓawon ƙananan halittun teku da ke manne a jikinsa, wasu cikakku, wasu sun narke sun bar gurbinsu. Waɗannan gurabe su ne rabin amsar tambayarka. Kuma kada ka raina fannin don ba shi ne namu ba: ana ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na man da ya rage a duniya a irin wannan dutse yake, ciki har da Ghawar ta Saudiyya, wadda aka gano a 1948, filin mai mafi girma a doron ƙasa.

Bari mu fara da jiƙuwa, wato tsakanin ruwa da mai wane ne yake manne da bangon rami. Ka san sabuwar tandar ƙasa, in ka ɗiga mata ruwa nan take za ta shanye. Tandar da mai waina ta shekara tana aiki da ita kuwa, ɗigon zai dunƙule ya tsaya yana gangara, domin mai ya riga ya kama fuskarta. Ƙasar ɗaya ce, abin da ya zauna a kanta ne ya bambanta. Dutsen farar ƙasa ma da son ruwa ya fara, tunda a ƙarƙashin teku aka gina shi. Bayan miliyoyin shekaru mai ya taso daga inda ya nuna ya shigo, ya fara da manyan ramuka domin su suka fi sauƙin shiga. Fuskar kalsait, wato babban ma'adinin da ya haɗa dutsen farar ƙasa, a cikin ruwan da ake samu a yawancin ma'ajiyoyin mai, cajinta na lantarki tabbatacce ne, yayin da wasu asid da ke cikin ɗanyen mai suke ɗauke da kishiyarsa. Inda siririn ruwan da ke tsakaninsu ya yage, sai su manne, nauyayan sinadarai irin su asfaltin su biyo baya, wurin ya koma son mai. Ƙananan ramuka da lungunan da mai bai samu ƙarfin kutsawa ba sai su ci gaba da son ruwansu.

Ka ga ke nan a cikin gunduwa ɗaya da ba ta wuce babban yatsanka ba, akwai bango mai son mai da bango mai son ruwa. Wani mai bincike, Salathiel, ne ya bayyana wannan gauraye a 1973. Kafin shi, a 1972, Treiber da abokan aikinsa sun auna samfura daga ma'ajiyoyi 55, suka samu kashi 84 cikin ɗari na masu farar ƙasa suna karkata ga mai. Chilingar da Yen a 1983 sun gwada samfura 161, kashi 80 cikin ɗari suka fito masu son mai, kashi 8 kacal masu son ruwa. Ni dai ina ɗaukar waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan, domin hanyar da suka bi, wato awon kusurwar da ɗigo yake yi a kan fuska mai santsi, tana zuzuta son mai fiye da yadda yake a cikin rami mai kaushi. Amma inda suka nuna gaskiya ne.

Me wannan yake yi wa lantarki? A dutse mai son ruwa, ko mai ya cika tsakiyar ramuka, ruwa yana nan shimfiɗe a bango, hanyarsa a haɗe daga wannan gefe zuwa wancan. A dutse mai son mai, ruwan yana iya tsinkewa ya zama ɗigo-ɗigo a tsakiyar ramuka, mai ya kewaye shi. Ruwan yana nan da yawansa, amma lantarki ba ya isa gare shi. Turjiya sai ta yi sama, kai kuma ka fassara ta da cewa mai ne ya yi yawa. A gwaje-gwajen ɗakin bincike an ga n ya haura 10 a dutsen da aka mayar mai tsananin son mai.

Ɗauki alƙalami mu gwada da lambobin misali. A ce kason ramuka 0.20, Rw 0.05, Rt 20, a kuma ɗaya. Da m biyu, dutsen da ruwa ya cika shi fal zai ba da turjiya 1.25. Naka ya ba da 20, ninki 16 ke nan. In n biyu ne, ruwa kashi 25, mai kashi 75, daidai da irin abin da ka samu. In n huɗu ne, ruwa kashi 50, mai kashi 50. In n takwas ne, ruwa ya kusa kashi 71, mai bai kai 30 ba. Awon rijiyar bai motsa ba ko kaɗan, harafi ɗaya muka taɓa, sama da rabin man ya ɓace. A kan irin wannan bambanci ake yanke shawarar kashe biliyoyi ko a tattara kaya a bar wurin.

To sai m, wanda a ganina ɗalibai suka fi mantawa da shi alhali sau da yawa shi ya fi ɓarna. Gurbin ɓawon da ya narke rami ne babba, na'urar auna ramuka za ta ƙirga shi cif. Amma in ba shi da ƙofa mai faɗi zuwa maƙwabcinsa, ba ya taimaka wa lantarki da komai. Focke da Munn sun nuna a 1987, a kan duwatsun Gabas ta Tsakiya, cewa a irin wannan dutse m yana hawa tare da yawan gurabe har ya kai biyar. Koma kan misalinmu ka sa m uku, ka bar n a biyu: turjiyar dutse mai cike da ruwa ta zama 6.25, ninkin ya sauko zuwa 3.2, ruwa ya zama kashi 56. Ka haɗa m uku da n huɗu, mai ya koma kashi 25. Tsaga kuma akasin haka take yi. Hanya ce miƙaƙƙiya, tana jan m ƙasa da biyu. Sannan ga ƙananan ramukan da ke cikin lakar farar ƙasa, waɗanda ido ba ya gani: suna riƙe ruwan da ba zai taɓa fita ba, amma suna ba lantarki hanya. A nan turjiya takan yi ƙasa, lissafi ya ce ruwa ne, a buɗe rijiya ta zubo da mai zalla. Saboda haka kuskuren ba fuska ɗaya yake kallo ba, kuma babu wata lamba guda da za ka maye gurbin biyu da ita ka huta.

Tun kafin ka isa ga Archie ma, duba nauyin ƙwayar dutse da ka yi amfani da shi. Kalsait ya ninka ruwa nauyi sau 2.71, dolomait kuma, wani ma'adini ɗan'uwansa, sau 2.87. In awon nauyi ya nuna 2.50, ruwan cikin rami kuma 1.0, ɗaukar dutsen a matsayin kalsait zai ba ka ramuka kashi 12, a matsayin dolomait kusan kashi 20. Su biyun sukan cakuɗe a taku ɗaya na rijiya.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai, domin a nan ne mutane da yawa suke wuce gona da iri da zarar sun ji labarin jiƙuwa. Sai su ce tunda farar ƙasa mai son mai ce, a ɗaga n ko'ina. Ban yarda da wannan ba. Ka fara tambayar kanka: man farko nake nema, ko ragowar mai?

In ma'ajiyar sabuwa ce, ba a taɓa ɗibar ta ba, to yadda ruwa yake zaune a cikinta an tsara shi ne tun ranar da mai ya shigo, lokacin dutsen yana son ruwa. Ruwan ya koma lunguna da ƙananan ramuka, a haɗe da juna. Sauyin jiƙuwa daga baya ya zo, kuma inda mai ya riga ya taɓa kaɗai ya shafa. Don haka a can saman ma'ajiya, nesa da ruwan ƙasa, n da ke kusa da biyu sau da yawa ba ya kauce wa gaskiya sosai, kuma ko ya kauce illar kaɗan ce saboda ruwan dama kaɗan ne. Matsalar takan taso ne idan ruwa ya dawo. Ko an ɗura shi da gangan don a tura mai, ko ruwan ƙasa ya taso bayan shekarun ɗiba, ko ma'ajiyar ta karkace a tarihinta mai ya tsiyaye. Ruwan da ya dawo bango mai son mai yake tararwa, ba ya bin hanyar da ya fita, sai ya bi tsakiyar manyan ramuka. A kason ruwa iri ɗaya za ka samu turjiya biyu mabambanta, ɗaya ta fita ɗaya ta komowa. Ga kuma ƙarin ciwon kai: ruwan da aka ɗura gishirinsa ba ɗaya ba ne da na asali. A Ghawar ruwan teku ake turawa cikin dutsen da ruwansa ya ninka na teku gishiri. Garin cakuɗuwa, Rw ma ya zama abin da ba ka sani ba.

Haka nan jiƙuwa tana sauyawa da tsawo. Kusa da matakin ruwa, wato iyakar da ta raba mai da ruwan da ke ƙarƙashinsa, mai bai shiga ramuka da yawa ba, dutse ya fi son ruwa. Kana hawa sama yana ƙara komawa ga mai. Ke nan n ya dogara da kason ruwa, kason ruwa kuma shi kake nema da n. Ba a fita daga wannan zagaye sai da shaidar da ba ta dogara da lantarki ba.

Shaida ta farko ita ce gunduwar dutse da aka ciro daga rijiya. In lakar haƙa, wato ruwan lakar da ake zagayawa cikin rijiya lokacin haƙa, mai tushen mai ce aka ciro ta da ita, daga wurin da ruwansa ba ya motsi, ana iya auna ruwan kai tsaye da na'urar Dean-Stark. Abu ne mai sauƙin gani: a sa gunduwar a cikin gilashi, a tafasa wani sinadari mai narkar da mai, tolwin, a ƙasa, tururinsa mai zafin kusan digiri 110 ya ratsa dutsen ya kwaso ruwa, ya huce a sama ya ɗigo cikin wani siririn bututu mai ma'auni. Ruwan ya fi nauyi sai ya kwanta a ƙasa, tolwin ya malala ya koma tukunya. Kana tsaye kana ganin layin da ya raba su yana hawa a hankali, wani lokaci kwana da kwanaki kafin ya tsaya. Wannan ruwan da ka karanta da idonka shi ne alƙalin m da n ɗinka. In lakar mai tushen ruwa ce kuwa, ta riga ta gurɓata shaidar sai an sa mata alama tun wurin haƙa.

Don auna n kansa, hanyar tana da tsawo. Ana wanke gunduwa da tolwin da metanol har ta koma son ruwa, a cika ta da ruwan gishiri irin na ma'ajiyar, a tura mai a hankali ana auna turjiya a kowane mataki. Wannan ne n na man farko. Daga nan a bar ta cikin ɗanyen man rijiyar a zafin ma'ajiya, bisa al'ada kamar awa 1,000, wajen kwana 40, don jiƙuwar ta dawo yadda take a ƙasa. Sai a mayar da ruwa ana aunawa. Wannan ne n na ragowar mai, kuma galibi ba layi miƙaƙƙe yake bayarwa ba, lanƙwasa yake. A gefe guda a yi gwajin Amott na 1959 ko na USBM na 1969 don a san inda jiƙuwar ta karkata. Duk rahoton da ya ba ka n bai faɗi yadda aka wanke dutsen ba, da wane mai aka yi, da ko ruwa fita yake ko komowa, ka ajiye shi gefe. Gaggawa ma tana lalata wannan gwaji: in ba a jira ruwa ya daidaita a tsawon gunduwar ba, lambar da za ta fito ta banza ce.

Kuma ba a yin wannan a gunduwa ɗaya a shafa wa rijiya duka. Ana fara rarraba dutsen gida-gida, bisa tsarin Dunham na 1962 mai rarraba farar ƙasa ta yanayin ƙwayoyinta, da girman maƙogwaron ramuka da awon tura zaiba yake nunawa, kowane gida da m da n nasa. Daga awon matsin ramuka kuma ana gina lissafin da ke cewa a tsawo kaza sama da matakin ruwa, irin wannan dutse ya kamata ya riƙe ruwa kaza. Ga ma'ajiya sabuwa, na fi amincewa da wannan a kan Archie tsurarsa.

A cikin rijiya akwai wasu na'urorin. Mai awon dayilektirik, wato ƙarfin abu na riƙe cajin lantarki, tana cin moriyar cewa ruwa yana da lamba wajen 80 a zafin ɗaki, mai wajen 2, dutse ƙasa da 10, don haka tana ƙirga ruwa ba tare da dogaro sosai da gishirinsa ba. Sai dai ganinta bai wuce 'yan inci daga bangon rijiya ba, inda lakar haƙa ta riga ta yi wanka. Awon maganaɗisu na NMR yana raba manyan ramuka da ƙanana, bisa tsawon lokacin da siginar take ɗauka kafin ta mutu, amma iyakar milisakan 33 da aka saba raba su da ita a yashi ba ta aiki a nan, akan fara daga wajen 90 zuwa 100, kuma in mai ya taɓa bango siginarsa takan gajarce ta shiga ta ruwa. Awon kabon da iskar oksijin yana aiki ta bayan bututun ƙarfe, amma dutsen kansa cike yake da kabon, sai ka san ma'adinansa sosai kafin ka cire nasa. Ga ragowar mai bayan ɗura ruwa, gwajin sinadarin bibiya a rijiya guda ya fi gamsar da ni: a tura etil asetet, a rufe rijiya kwanaki kaɗan wani sashensa ya rikiɗe ya zama etanol, a buɗe. Etanol ba ya shiga mai sai ya riga dawowa, asetet yana tsayawa a cikin mai sai ya makara. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗa maka yawan man da ya rage, a faɗin da ya kai mitoci, ba inci ba.

Wani abu kuma game da rahoton gwajin naka. Fitar ruwa ba ta isa hujjar cewa babu mai ba. A dutse mai son mai ruwa ne yake riƙe da manyan hanyoyi, don haka yana gudu tun kasonsa bai kai rabi ba. Tsaga guda ɗaya da ta taɓo ruwan ƙasa, ko siririn shimfiɗi mai saurin wucewa, ko simintin bayan bututu da bai kama ba, kowannensu yana iya cika maka rijiya da ruwa alhali man yana nan daram a cikin dutse. Yawan mai tambaya ce daban, ko zai fito tambaya ce daban.

Na san ba ka da gunduwa, ba ka da ɗakin gwaji, awon takarda kawai aka ba ka. Ga abin da za ka iya da shi. Nemi sashen rijiyar da ka tabbata ruwa ne zalla, ka zana turjiya a kan kason ramuka a takardar logaritim, zanen da ake kira na Pickett. Gangaren layin zai ba ka m na dutsenka. In ɗigogin sun watse sun ƙi bin layi ɗaya, kada ka tilasta musu, alama ce dutsen ya fi gida ɗaya, sai ka raba su. Wannan zane ba zai ba ka n ba. Shi sai ka lissafa da 2, da 3, da 4, ka gabatar da sakamakon uku a jere, ka rubuta a fili dalilin da ya sa ka fi karkata ga ɗaya. Malamin da ya san aikin zai fi daraja wannan a kan lamba guda mai ɗigo biyu a bayanta.

Kafin nan, koma wurin wanda ya ba ka bayanan ka tambaye shi abu huɗu: da wace irin laka aka haƙa rijiyar, a wane zurfi aka yi gwajin kuma nawa ne tsakaninsa da matakin ruwa, an taɓa ɗura ruwa a filin kafin a yi awon, sannan Rw ɗin daga samfurin ruwa aka auno shi ko ƙiyasi ne, kuma an gyara shi zuwa zafin ma'ajiyar. In ka samo amsoshin ka turo mini tare da zanen naka, mu duba tare in Allah ya yarda.